Wata shida a ajin baftisma a Sabon Gari, daga ofishin magatakarda zuwa bakin ruwa

A bana kaɗai samari uku sun same ni da damuwa iri ɗaya. Iyaye sun gama magana, an kai kuɗin gaisuwa, sun je wurin fasto a tsayar da ranar ɗaurin aure, ya ce su kawo katin baftisma, su kuwa ba su da shi. Kowannensu tambayarsa ita ce ko akwai hanyar da za a gajarta. Ni ma a kan wannan kujerar na zauna a watan Satumba na 2015, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tawa ta kasance, ko wani ya huta da zirga-zirgar da na yi. Ni Bahaushe ne, Kirista, asalinmu daga wani ƙauye ta wajen Sumaila. A lokacin ina zaune a unguwar Birget a Kano, ina da ɗan shagon takalma da jakunkunan 'yan makaranta a kasuwar Sabon Gari. Tsarin da zan faɗa na sashen Hausa ne na majami'armu, kuma kuɗin da zan ambata na wancan lokacin ne.

Ranar da na shiga ofishin fasto, da ƙarfin gwiwata na ce masa ai an yi mini baftisma tun ina jariri, mahaifiyata ta sha ba ni labari. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, a wace ekkilisiya?" Da na faɗa masa, sai ya ce abin da aka yi mini miƙa yaro ne, wato iyaye su kawo jariri gaban jama'a a yi masa addu'a, su ɗauki alkawarin renonsa cikin tsoron Allah. Katolika da Angilika suna yi wa jarirai baftisma, daga baya yaro ya yi tabbatarwa. Mu kuwa sai mutum ya yi hankali, ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa. Ina da shekara talatin da ɗaya, ina cikin mawaƙa, ina ba da baiko da zakka, amma ban taɓa sanin wannan bambancin ba. Ranar Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo na tuna mutuwar Almasihu wanda a wurinmu sai mai baftisma yake ci, nakan fita tare da masu fita ne kawai, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba. Na ce, "Baba, to yanzu yaya ke nan? Mun so a yi a Disamba." Ya ce aji zai fara Lahadin farko ta Oktoba, a yi baftisma lokacin Ista, aure kuma sai bayan nan. Na fito raina a ɓace, ina ganin an tsaurara mini a kan takarda guda.

Ofishin magatakardan ekkilisiya sai da na je sau uku. Ban san ba kullum yake zama ba, domin shi ma ma'aikaci ne a wani wuri, sai Talata da yamma da kuma bayan sujadar Lahadi. Zuwan farko na tarar da kwaɗo a ƙofa. Zuwa na biyu na same shi, ya ba ni fom a kan naira ɗari biyu, ya ce in haɗo da hoton fasfo biyu. Na cike, na kawo, sai ya duba babban littafin sunaye ya ce ba na ciki. Shekara tara ina sujada a nan, amma a rubuce ni ɗan ekkilisiyar ƙauyenmu ne, don ban taɓa kawo takardar shaida daga can ba. Dole na rufe shago ranar Asabar na hau mota. Lokacin kaka ne, mai bishararmu, wato mai kula da ekkilisiyar ƙauyen, yana gona ana yankan gero, na zauna a zaure tun hantsi har la'asar sakaliya kafin ya dawo ya rubuta mini layi biyar ya buga hatimi. Bai karɓi ko kwabo ba, amma kuɗin mota da tsarabar gida sun ci mini kusan naira dubu uku, ga cinikin Asabar da ya wuce ni. Da na san da maganar takardar, da saƙo kawai zan aika a kawo mini.

Aka fara aji ranar 4 ga Oktoba da ƙarfe huɗu na yamma. A shekarun nan kowa ya san halin da Kano take ciki, musamman bayan harin da aka kai cocin Katolika na St. Charles a Sabon Gari a watan Yulin 2014. A ƙofar majami'armu ana laluben kowa, ba a shiga da jaka, saboda haka Littafi Mai Tsarki a hannu ake riƙe shi. Mu goma sha tara ne, mafi yawa 'yan sakandare, sai ni da wata uwa mai goyo da wani dattijo mai gadi. Malaminmu tsohon mai bishara ne da ya yi ritaya, kowa Baba Malam yake ce masa.

A ranar na gamu da ruɗanin da ya fi ba ni kunya, kuma na san yana samun mutane da yawa suna yin shiru. Na zo da Littafin marigayi babana, mai baƙin bango da aka ɗinke da zare. Baba Malam ya ce a buɗe Yahaya sura uku. Yara suka buɗe nan take, ni kuwa ina ta juya shafi, gaba da baya, babu Yahaya. Sai da ya zo ya leƙa ya ce, "A'a, ɗana, ai naka tsohon juyi ne. Nemi Yohanna." Nan ya tsayar da darasi ya yi mana bayani. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa ne a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya, wani Bature ɗan mishan, ya yi fice a cikinsa tare da wasu. Wajen 1980 aka fitar da sabon juyi, kuma sunayen littattafai da dama sun canza. Inda na babana ya ce Kubawar Shari'a, sabon ya ce Maimaitawar Shari'a. Misalai ya zama Karin Magana, Mai-Wa'azi ya zama Mai Hadishi, Ru'ya ta Yohanna ta zama Wahayin Yahaya. A tsohon "Yesu Kristi" za ka gani, a sabon "Yesu Almasihu". A kwafin babana har kalmar "cikin" ma "chikin" aka rubuta ta. Saƙon ɗaya ne, amma idan ana haddar aya a aji kowa da nasa juyin, sai a yi ta karo. Washegari na je shagon littattafan Kirista na sayi irin wanda ake karantawa a bagadi a kan naira dubu ɗaya da ɗari takwas. Na babana na mayar da shi gida, kuma har yau idan aya ta shige mini duhu nakan buɗe su biyun in gwama.

Darussan ajin ba su da wuya ga wanda ya tashi a coci: zunubi da ceto, Allah Uku Cikin Ɗaya, Dokoki Goma a Fitowa 20, Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6, ma'anar baftisma daga Romawa 6, Jibin Ubangiji, sai haddar sunayen littattafai 66, wato 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabo. Ana kiran suna kowane mako, wanda ya yi fashi uku ba dalili sai ya jira aji na gaba. Abin da ya kayar da ni shi ne wani ɗan kati da Baba Malam ya raba mana, mai ƙananan akwatuna. Kowace rana sura ɗaya ta Sabon Alkawari da Zabura ɗaya, ka karanta ka sa alama. Ya ce mu fara da Markus don ita ce mafi gajarta cikin bisharu huɗu, sura 16, daga nan Luka, sai Ayyukan Manzanni. Na ce a raina wannan ai minti goma ne.

Da dare na fara yi. In na taso kasuwa, in bi layin adaidaita sahu daga Bata, in iso gida bayan isha'i, in ci tuwo, ga shi galibi babu wuta, sai in kunna tocilan waya in buɗe Littafi. Sau nawa na farka da tsakar dare na tarar da shi a ƙirjina, ban wuce aya biyar ba. Na lallaɓa haka har Nuwamba. Disamba ta shigo, kasuwa ta buɗe, kowa na sayen takalman Kirsimeti, ban ƙara buɗe shi ba har kwana ashirin da ɗaya. Abin da na yi kuma shi ne na zauna ranar Lahadi da rana na cike akwatunan duka da biro, na kai kati a cike. Baba Malam ya duba, ya ce, "Madalla. Ka gama Ayyukan Manzanni ke nan. Da jirgin ruwan su Bulus ya farfashe, mutum nawa suka mutu?" Na yi jim na ce da yawa. Bai ce komai ba sai da aka tashi, ya riƙe hannuna muka koma gefen rijiya. Ya ce babu ko ɗaya da ya mutu, su 276 duk sun kai gaci, yana nan a sura 27. Sannan ya ce, "Ba ni kake karanta wa ba. In ka yi wa kati ƙarya, ranar da kake neman abin da ke cikin surar nan, kati ba zai ba ka ba." Ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba, don na gane cewa har da karatun da na yi da gaske, ciniki nake yi da Allah: in karanta, shi kuma ya buɗa mini kasuwa ya gaggauta mini aure.

Shawarar da ya ba ni ita ta gyara komai. Ya ce kada in ce zan rama kwanakin da suka wuce, don mai ramuwa yakan karanta sura goma a gurguje ya gaji ya daina gaba ɗaya. In koma daidai inda na tsaya. Ya ce in bar dare in koma asuba, in sayi ɗan littafin rubutu na naira hamsin, kowace rana layi uku kawai: me wannan sura ta nuna mini game da Allah, me ta nuna mini game da kaina, me zan roƙa. Agogo kuwa ban nema ba. Masallacin unguwarmu yana bayan ɗakina, da ladan ya yi kiran farko sai in tashi. Maƙwabtana suna alwala cikin sanyin hunturu, ina jin ƙarar buta, ni kuma ina lulluɓe da bargo a bakin katifa da tocila. Zabura 119 mai aya 176 ya ce mu raba ta, aya takwas-takwas yadda aka tsara ta, kada mu haɗiye ta rana ɗaya.

A ƙarshen Janairu na iso Zabura 88, kuma ta dame ni. Na saba mai zabura ya yi kuka ya yi kuka, daga ƙarshe ya juyo ya yabi Allah. Wannan ba ta juyo ba. Tun daga farko mutumin yana cewa ransa ya cika da wahala, abokansa sun guje shi, yana kira dare da rana, har aya ta ƙarshe a cikin duhu ta tsaya. Layi ukuna na ranar ban iya cike su ba. Na kai wa Baba Malam na ce, "Baba, wannan ai kamar ba ta da bangaskiya." Ya ce in sake duba aya ta farko in ga da wa mutumin yake magana. Na duba, Allah mai cetonsa yake kira. Ya ce, "To ka gani. Wanda ya daina dogara ba ya ƙara kira. Allah ya bar wannan a Littafinsa saboda ranar da bakinka ba zai iya yabo ba, don kada ka ce ba ka da abin faɗa masa." Na rubuta maganar, ban ɗauka tawa ba ce.

Jarrabawar rubutu aka yi a farkon Maris, wanda bai iya rubutu ba aka yi masa ta baka. Mai wuyar ita ce ganawa da dattawan ekkilisiya ranar Asabar 12 ga wata. An ce ƙarfe tara, amma ba a kira ni ba sai wajen ɗaya, don ɗaya bayan ɗaya ake shiga, wani ya yi minti goma wani rabin awa. Muna kan benci a ƙarƙashin darbejiya, zafin bazara ya fara, babu mai magana. Dattawa biyar ne da fasto. Ba su tambaye ni hadda ba. Sun tambaye ni yaushe na ba da gaskiya, ko akwai wanda nake gaba da shi, ko akwai laya ko wani abin tsari a shagona, yaya zamana da wadda zan aura. Sai wani tsoho da bai yi magana ba tun shigata ya ce, "Ɗana, aure ne ya kawo ka ajin nan. In auren ya fasa, za ka shiga ruwan?" Na ce da a Oktoba ya tambaye ni, gaskiya ba zan shiga ba, amma yanzu zan shiga. Ya tuna mini da samarin nan uku na Daniyel sura 3, da suka ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Mutum biyu a cikinmu aka ce su jira aji na gaba. Sauran aka ce mu kawo naira ɗari biyar na kati da ruwan tanka, mu zo ranar Asabar 26 ga Maris da ƙarfe takwas da kayan canji da tawul, mata su haɗo da zane mai kauri.

Ranar Juma'a muka yi sujadar tuna mutuwar Almasihu, na goge kayana na kwanta. Cikin tsakar dare waya ta tashe ni, maƙwabcina na kasuwa ne, wani Alhaji mai sayar da jakunkuna, yana cewa, "Kana ina? Kasuwa ta kama da wuta!" Babu abin hawa, da ƙafa na taho. Tun daga nesa sama ta yi ja. Mutane cike da titi, wasu na salati, wasu na kiran sunan Yesu, wasu na ƙoƙarin kutsawa ana riƙe su. Dubban shaguna suka tafi a gobarar nan, nawa yana ciki. Kwana huɗu kafin nan na sauke kaya na shirin komawar 'yan makaranta, rabi da kuɗina rabi bashi, har da kuɗin da nake tarawa na kayan aure na zuba a ciki. Na tsaya har gari ya waye ina kallon layinmu yana ci.

Wajen ƙarfe bakwai na tuna da baftisma, kuma abin da ya fara zuwa mini shi ne ba za ni ba. Ba zan ce wata aya ta sauko mini ba, ko na ji wata salama. Abin da na tuna shi ne tambayar tsohon nan, da amsar da na ba shi da bakina kwana goma sha huɗu da suka wuce. Na taka zuwa majami'a da kayan da ke jikina, ina warin hayaƙi, ba tawul ba kayan canji. Baba Malam ya gan ni a ƙofa, bai tambaye ni komai ba, ya rungume ni, ya aika aka ɗauko mini wata rigarsa. Wurin baftismarmu ginin siminti ne a bayan majami'a, daga nan ana hango hayaƙin kasuwa yana tashi. Zumuntar mata suna waƙa, da yawansu su ma shagunansu ko na mazajensu sun ƙone, suna waƙar suna share hawaye. Fasto ya tambaye ni ko na karɓi Yesu Almasihu ya zama Ubangijina da Mai Cetona, na ce i, ya nutsar da ni cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Washegari, Lahadin Ista, na ci Jibin Ubangiji karo na farko.

Makonnin da suka biyo baya sun fi ranar gobarar wuya. Masu bashi suna kira, ba wurin zuwa da safe, an ɗaga aure ba rana. Amma ladan yana kira sai in farka, don jiki ya riga ya saba, in kuma na farka hannuna Littafin yake nema. Kwanaki da yawa Zabura 88 kaɗai nake iya karantawa, in karanta ta da ƙarfi kamar ni na rubuta ta. A littafin rubutuna akwai shafukan da layi ɗaya ne kawai a ciki: "Ya Ubangiji, ina nan." Sannu a hankali na koma inda na tsaya a wasiƙun Bulus. Alhajin nan da ya kira ni, da ya samu ya farfaɗo, shi ya ba ni kaya bashi na fara kasawa a tebur, ya ce, "Ɗana, in ka sayar ka kawo." Sai da na shekara biyu kafin na gama biyan kowa. Katin baftismar da ya jawo duk wannan kuwa sai bayan mako shida na karɓa, don katunan sun ƙare an aika a bugo, sannan a jira sa hannun fasto. Auren a 2017 aka ɗaura.

Ga wanda zai bi wannan hanya, kada ya jira sai maganar aure ta taso, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya tambayi iyayensa tun yanzu ko miƙa shi aka yi ko baftisma, ya je ya duba ko sunansa yana littafin ekkilisiyar da yake sujada, in ba ya nan ya nemo takardar shaida daga gida kafin a buɗe aji. Ya tambayi ranakun zaman magatakarda, ya tambayi juyin da ake karantawa kafin ya sayi Littafi, haka ma in a waya zai sauke, don akwai juyin Hausa fiye da ɗaya a can. Ranar ganawa da dattawa ya rufe shago gaba ɗaya ya tafi da ruwan sha, kuma ya faɗi gaskiya ko da za a ce ya jira. In ya karɓi kati ya yi masa hoto ya adana, na ga waɗanda nasu ya ƙone a shago. Katin karatu kuwa, kada ya raina shi kamar yadda na yi. Da ban yi watannin nan ina tashi da asuba ba, ban san da bakin da zan yi wa Allah magana ba bayan gobarar, domin a lokacin ba ni da ƙarfin fara sabon abu, sai dai in ci gaba da wanda na saba.

Bayan aji na ɗauki Littafin gaba ɗaya daga Farawa. Sura 1,189 ne, mai karanta uku kullum da biyar ranar Lahadi zai gama cikin shekara, ni dai shekara ɗaya da wata takwas na yi. Na maƙale a Littafin Firistoci har sai da Baba Malam ya ce in riƙa haɗa shi da Ibraniyawa, sannan hadayun suka fara yi mini ma'ana. Cikin samari ukun da suka same ni, biyu sun karɓi fom. Ɗayan har yanzu yana jiran takarda daga ƙauyensu, na ce masa kada ya zauna jiran aji, ya sayi littafin rubutu ya fara Markus sura ɗaya gobe da asuba, ranar Lahadi ya kawo mini in ga layi ukunsa.